Ragon da Ya Yi Sallah a Kamfani

Har yau ban iya mantawa da ranar Talatar da aka sauke rago a bakin sikelinmu ba, kuma ina jin ko da na so in manta, mutanen sito ba za su bar ni ba. Tunda an ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikin nan, ku da aka ɗauka kwanan nan, gara ku ji wannan daga bakina kafin ku ji shi wurin direbobi, don su sun zuba masa gishiri har ya fi ƙarfin miyar.

A lokacin ban cika wata biyar da kama aiki ba. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na zauna a gidanmu a unguwar Dogo Nini kusan shekara biyu ina aika takardun neman aiki, sannan Allah ya sa aka ɗauke ni a nan, a kan sharaɗin sai an ga kamun ludayina kafin a tabbatar da ni. Kamar yadda kuka riga kuka gani, kamfaninmu ba sana'a ɗaya yake yi ba. Akwai tireloli, akwai gidajen mai, akwai ruwan leda, ga kuma sashen sayen amfanin gona, musamman riɗi da wake. Ni an ba ni kujerar jami'in ɗa'a da kula da muhalli na reshen Potiskum. Kafin ni babu wannan kujera. An ƙirƙiro ta ne saboda masu sayen riɗinmu a ƙasashen waje sun ce sai sun ga a rubuce yadda muke mu'amala da ma'aikata da manoma da ƙasar da muke aiki a kanta. Sai hedikwata a Abuja ta fitar da kundin manufa mai kauri, da Turanci, ta aiko wa kowane reshe.

Ba zan yi wa kundin nan rashin adalci ba, domin akwai abubuwa masu kyau a cikinsa. Shi ya sa direba ya samu haƙƙin ya tsaya ya huta. Shi ya sa aka daina zubar da baƙin mai a kwatar da ke bayan gareji. Ya yi maganar tattara ledoji, ya yi maganar shuka itatuwa. Ni na zauna na mayar da shi Hausa gwargwadon iyawata, na manna a bango. Kuma saboda duk abin da aka tambaye ni sai in ce "sashe na kaza ya ce", direbobi suka raɗa mini suna Malam Sashe. Sunana Adamu, amma ina jin rabin ma'aikatan nan ba su sani ba.

Sashe na bakwai shi ne na kyauta. Ya ce ma'aikaci ba zai karɓi kyauta daga wanda yake sayar wa kamfani kaya ba. Ya ce wanda ya ga an karɓa, dole ya kai rahoto cikin kwana biyu, in kuwa ya yi shiru, laifinsu ɗaya da wanda ya karɓa. Wannan jimla ta biyu ce na haddace kamar karatun allo, don ni ta fi shafa.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani kafin in shiga labarin: a farkon daminar shekarar, bisa umarnin kundin, na shuka zogale da mangwaro da gwaiba a jikin katangar sito. Kowace bishiya na rataya mata lamba, na ɗauki hoto na aika Abuja, aka yaba mini. Shi ne yabo na farko da na samu a aikin, kuma ina alfahari da su fiye da kima.

Mai awonmu a lokacin shi ne Baba Gimba, mutumin unguwar Yerimaram. Ga wanda bai san aikin ba, mai awo shi ne yake duba kayan da manomi ya kawo, ya soka ƙarfe a buhu ya ga ko an cakuɗa da yashi ko kayan sun ji ruwa, sannan ya ɗora a sikeli ya faɗi nauyi. In za a cuci manomi, a nan za a cuce shi. In za a cuci kamfani, nan ne ma. Baba Gimba ya fi shekara ashirin a bakin sikelin nan, tun kamfanin yana rumfa ɗaya, kuma saura masa kamar shekara biyu ya yi ritaya da haƙƙinsa. Ban taɓa jin wanda ya ce ya tauye shi ba.

Ranar Talatar, saura kwana goma ko kusan haka Babbar Sallah, wani manomi mai suna Malam Shu'aibu ya kawo riɗin da ya ajiye tun kaka, daga ƙauyensu a bayan Nangere. Ina tsaye a wurin da fayil a hannu. Baba ya duba kayan, ya ware buhu biyu gefe ya ce akwai yashi.

"Haba Gimba, wane yashi?" in ji Malam Shu'aibu. "Iska ce ta ɗan kwaso."

"To iskar ta zo ta saya," in ji Baba. "Mayar ka sheƙe."

Suka yi ta musu kamar za su yi faɗa, daga baya suka yi dariya, aka auna sauran. Da aka gama, sai Malam Shu'aibu ya zagaya bayan akori-kurar da ta kawo shi, ya sauko da wani farin rago mai baƙi a idanu, ya miƙa wa Baba igiyar.

"Ga na bana."

"Madalla," in ji Baba, ya shafa bayan ragon. "Wannan kam ya ci."

Ya ja shi ya ɗaure a gindin rumfa, ya koma bakin aikinsa, a gaban kowa, ko waiwaye bai yi ba. Ga mai kawo kaya, ga mai awo, ga rago, ga ni a tsaye, kuma kowa ya ga na gani.

Ya kamata in tambaye shi. Na sani, kuma na yi niyya. Amma Baba Gimba sa'an mahaifina ne, kuma ban san ta inda yaro zai fara tambayar dattijo ko cin hanci ya karɓa ba. Da la'asar na je na tsuguna kusa da shi.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa Malam Sashe, sannu."

"Baba, wannan ragon..."

"Ya yi ko?"

"Ya yi, tubarkalla."

"Ka taɓa wuyansa ka ji."

Na taɓa wuyansa na ji. Na tashi na koma ofis.

Laraba na sake zuwa, muka yi hirar ruwan sama. Ragon yana nan, don Baba ya ce sai Juma'a zai samu motar da za ta kai masa gida. Na kira Manaja, Alhaji Sani, wanda ya tafi Maiduguri kan maganar tireloli. Ya ce, "Adamu, ina kan hanya. In ba gobara ba ce, ka bari sai na dawo." Zai dawo Juma'a. Kwana biyun sashe na bakwai kuwa za su cika Alhamis.

Ranar Alhamis da azahar na cike fom ɗin kai rahoto. Na rubuta shi da taka-tsantsan yadda na iya. Na ce ga alama an miƙa dabba, na ce mai yiwuwa akwai bayanin da ban sani ba, na ce ba ina zargin kowa ba ne. A zatona za a kira ni a ce in bincika. Fom ɗin ba shi da gurbin da zan rubuta cewa a ranar Baba ya mayar wa mutumin da buhu biyu, ni kuma ban ƙara takarda na rubuta ba, don kada a ce na fita daga tsari. Na aika, na ji kamar na sauke kaya.

Juma'a da safe amsa ta iso. An dakatar da Baba Gimba daga aiki har sai kwamitin ɗa'a ya zauna. In laifi ya tabbata, kora ce, babu haƙƙin ritaya. Abin da aka karɓa kuma zai zauna a hannun kamfani, ƙarƙashin kulawar jami'in da ya kai rahoto.

Manaja ya shigo ofishina da takardar a hannu, ko hularsa bai gyara ba daga tafiya.

"Adamu, me na yi maka?"

"Ranka ya daɗe, sashe na bakwai ne ya..."

"Ka bar ni da sashe! Ragon waye?"

"Ranka ya daɗe, Malam Shu'aibu ne ya kawo, to ina ganin..."

"Ragon Gimba ne! Tunkiyarsa ce a wurin Shu'aibu, kiwo, shekara da shekaru. Kowace Sallah a nan ake sauke masa. Kai ba ɗan garin nan ba ne?"

Zan yi bayani saboda waɗanda suka zo daga wasu jihohin. Mutumin gari wanda ba shi da filin kiwo yakan sayi tunkiya ko akuya ya ba wani amintaccensa a ƙauye ya riƙe masa. Abin da ta haifa su raba, kowa da yadda suka shirya. Babu takarda, amana ce kawai da shaidar mutane. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne, ba sai an yi mini wannan bayanin ba. Mahaifiyata tana da awaki a wurin wata mata a ƙauye, ni nake kai ta ganinsu a babur. Amma da na ga rago a cikin harabar kamfani, da fayil a hannuna, duk wannan ya fita daga kaina, sai sashe na bakwai.

Nan take na kira shugabar sashenmu a Abuja, Madam Rifkatu, 'yar Filato ce, Hausarta ta fi tawa daɗi. Na ce ina so in janye rahoton.

"Malam Adamu, ba a janyewa," in ji ta. "Kai ka fassara kundin, ka san dalili. In ana janyewa, duk wanda ya kai ƙarar babba sai a matsa masa ya ce kuskure ne."

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe. To amma wannan kuskuren ne na gaske."

"Kowa ma haka zai ce. Kwamiti zai zo bayan hutun Sallah."

"To ragon fa? Na layyarsa ne."

"Shaida ce. Ka kula da shi."

Dokar tana da hujja, ban musa ba. Amma ranar na ji kamar in haɗiye kundin.

Manaja ya ce tunda ni na ɗaura, ni zan kai wa Baba takardar da hannuna. Na same shi yana share bakin sikeli. Ya ce in karanta masa, idonsa ba ya son ƙananan rubutu. Na karanta, ina sassauta abin da zan iya sassautawa. Ya jingina tsintsiyar a bango.

"Wato ɓarawo ne ni."

"A'a Baba, ba haka aka ce ba. Ana dai so ne a ɗan duba, wataƙila ma..."

"Ka gan ni Talata. Ka gan ni Laraba. Ka gan ni Alhamis. Har wuyansa ka taɓa. Bakinka ciwo yake yi?"

Ya ɗauki butarsa da dardumarsa, ya ba mataimakinsa makullin sikeli, ya fita ta babbar ƙofa a ƙafa. 'Yan dako suka tsaya da buhuna a ka suna kallonsa, sannan suka juyo suna kallona.

Daga ranar na zama makiyayi. Waɗanda suka rubuta sashe na bakwai, ina jin abin da ke ransu agogo ne ko kwalbar turare, abin da za a sa a durowa a kulle. Ba su yi tunanin shaida mai cin harawa ba. Kullum da safe sai in biya kasuwa in ɗauro harawa da dusa a bayan babur, da rigar ofis a jikina. Direbobi su jeru a benci suna jira.

"Malam Sashe, ya mai jiki?"

"Malam Sashe, sashe na nawa ne ya ce a ba shi kanwa?"

Buba mai gadi ya ce shi an ɗauke shi gadin buhu ne ba gadin dabba ba, in kuma ragon ya mutu kada a kira sunansa. Sai na shiga tsoron mutuwar ragon. In ya yi atishawa sai in kira malamin dabbobi.

Ranar Litinin na shigo na tarar ya tsinke igiya. Ya bi katangar sito daga wannan kusurwa zuwa waccan. Zogalen nan bai bar ko ganye ɗaya ba. Mangwaron ya cinye kawunansu. Gwaiba biyu ce ta tsira, ita ma don tana bayan tsohuwar taya. Lambobin da na rataya suna nan suna lilo a jikin tsirarun sanduna. Buba yana zaune a bakin ƙofa yana shan shayi.

"Buba, kana kallo?"

"Na ce masa ya bari," in ji shi. "Ba ya jin Hausa."

Dole na cike wani fom ɗin, na ɓarnar muhalli, wanda yake da gurbin "musabbabi". Na daɗe ina kallon gurbin nan.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ke faruwa a Yerimaram. Labari ya riga ya kai unguwa, kuma labari ba ya tafiya da "mai yiwuwa". Abin da aka ji shi ne an kori Gimba kan cin hanci. Ana jajibirin Sallah Manaja ya sayi rago da kuɗinsa ya aika masa. Baba ya mayar da shi a motar da ta kawo shi, ya ce a gaya wa Alhaji ya gode, amma yana da rago, yana ɗaure a kamfani. A shekarar Baba Gimba bai yi layya ba, karo na farko tun da ya yi aure, kamar yadda na ji daga baya. Ni kuma ina saukowa daga idi, da sabuwar shaddata, na wuce sito na zuba wa ragonsa ruwa. Gari ko'ina ƙamshin suya, shi kuma yana tsaye yana tuƙa yana kallona. Naman gidanmu ban iya cinsa ba ranar.

Kwana uku bayan Sallah na hau babur na nufi ƙauyen Malam Shu'aibu. Ba tsari ne ya ce in je ba, ban ma tabbata tsari ya yarda ba, na dai tafi. Na same shi a gona yana noman farko. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya bari na sha, sannan ya ce:

"Kai ne yaron?"

"Ni ne, Baba."

"Ni na ba Gimba cin hanci? Mutumin da ya mayar mini da buhu biyu a gabanka? In cin hanci ne ai na yi asara."

Ya ce shi da kamfaninmu sun gama, kuma ya gaya wa mutanen ƙauyensu su nemi wani wurin kai riɗi, tunda a wurinmu amana laifi ce. Na ce yana da gaskiya. Na ce ba don kamfani na zo ba, kuma ba don kaina ba, ko da yake wannan ban tabbata gaba ɗaya gaskiya ba ne. Na ce kwamiti zai zo ranar Laraba, kuma ba su san kowa ba, takarda kawai suka sani, mu kuwa ba mu da takarda. Ya kankare ƙasar jikin fartanyarsa.

"Takarda," ya ce. "To. Zan zo da ita."

Ranar Laraba Madam Rifkatu ta iso tare da wani lauyan kamfani wanda bai yi komai ba sai rubutu. Tsarin zaman shi ne a karanta rahoto, a ji wanda ake tuhuma, a ji shaidu, sannan a tambayi wanda ya kai rahoton. An shirya kujeru a ofishin Manaja, amma dole aka fito da su rumfar awo, domin Malam Shu'aibu ya iso a napep, shi da mai unguwarsu a baya, da wata tsohuwar tunkiya a tsakaninsu, ta leƙo da kai waje. Duk ma'aikatan sito suka bar aiki suka zagaye mu. Baba Gimba ya zo da fararen kaya, ya gaida kowa, ya zauna. Ni bai kalle ni ba.

Da aka ce ya yi bayani, cewa ya yi, "Ragona ne." Bai ƙara ba.

Malam Shu'aibu ya jawo tunkiyar gaban Madam, ya kama kunnenta na dama. "Hajiya, duba nan. Tsaga biyu. Wannan alamar gidan Gimba ce. Nawa tsaga ɗaya ce a hagu." Ya sa aka jawo ragon, ya kama kunnensa. Tsaga biyu, tsohuwa, ta warke tun yana ɗan ƙarami. Mai unguwa ya ce a gabansa aka kawo uwar wannan tunkiyar, tun kafin a yi wa hanyarsu kwalta, kuma haihuwa biyu ta Gimba ce, ta uku ta Shu'aibu. Madam ta tashi da kanta ta duba kunnuwan. Lauya ya matso zai ɗauki hoto, ragon ya yi baya zai tunkuye shi, aka riƙe.

Sannan ta juyo gare ni.

"Malam Adamu, kafin ka aiko da rahoto, ka tambayi Malam Gimba?"

Ina da amsoshi a shirye. Na je wurinsa sau biyu. Na kira Manaja. Kundin bai ce a tambaya ba, cewa ya yi a kai rahoto. Duk gaskiya ne, kuma takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburin matar nan. Na buɗe baki zan fara da "to, a iya cewa", sai na ga Baba ya ɗago yana kallona, karo na farko a ranar.

"Ban tambaye shi ba," na ce. "Kuma a gabana ya mayar wa Malam Shu'aibu da buhu biyu ranar, ban rubuta ba."

"Don me?"

"Babu gurbinsa a fom."

Wani daga cikin 'yan dako ya ce, "Innalillahi." Madam ta ce wa lauya ya rubuta.

Ta ce a fili yake wannan ba kyauta ba ce. Amma ta ce akwai wani sashen, na tara, wanda ya ce ma'aikaci ya bayyana duk wata hulɗar dukiya da ke tsakaninsa da mai kawo kaya, kuma Baba bai bayyana ba. Manaja ya yi gyaran murya ya ce, "Madam, in haka ne, ki tambayi jama'a." Ta juya ta ce duk wanda yake da dabba a wurin wani manomi da ke kawo mana kaya ya ɗaga hannu. Buba mai gadi ya fara ɗagawa. Sai magatakardan sito, sai direbobi huɗu ko biyar, sai mai shara. Can sai Manaja ya ɗaga nasa a hankali, ya ce, "Shanu ne, amma ba su da yawa." Madam ta sa hannu ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ni ban ɗaga ba, don matar da ke riƙe da awakin mahaifiyata gyaɗa take nomawa, ba ma sayen gyaɗa. Sai da na yi wannan lissafin a zuciyata kafin na bar hannuna a ƙasa.

A ranar aka wanke Baba Gimba, aka ce ya koma bakin aikinsa da safe. Madam ta sa aka rubuta takardar wankewar da Hausa, ta ce in kai wa limamin masallacinsu a Yerimaram da hannuna, na kai. Daga baya hedikwata ta ƙara wa kundin abu biyu. Littafin da kuka sa hannu a ciki makon jiya, na bayyana dabbobin kiwo, daga nan ya samo asali, kuma shi ya sa in manomin da ke riƙe da dabbarka ya kawo kaya, wani ne zai auna ba kai ba. Na biyun kuma gurbi ne a saman fom ɗin rahoto: "Ka tambayi wanda abin ya shafa? Me ya ce?" An bar hanyar tsallake shi ga wanda yake tsoron a cutar da shi in ya tambaya. Ni ba tsoron cutarwa ne ya hana ni ba, kunya ce, kuma kunyar da ta hana ni tambaya ɗaya a gefe ita ta kai dattijo gaban taro. An ɗage tabbatar da ni da wata shida. Ban yi ƙorafi ba. Malam Shu'aibu bai dawo mana da riɗi ba sai bayan kaka biyu.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne kundin nan an rubuta shi ne don ya kare irin su Baba Gimba daga waɗanda ba irinsa ba, kuma yana yin hakan. Amma a Abuja aka rubuta shi, bai san Nangere ba, bai san tsagar kunne ba. Ku aka ɗauka don ku san masa. In kun ga abin da ya yi kama da laifi, kada ku yi shiru. Amma ku fara zuwa ku tsuguna ku yi tambayar, har ƙarshenta, ko da muryarku tana rawa. Mutanen sito za su yafe muku tambaya mai nauyi. Abin da ba sa yafewa da wuri shi ne ka gaishe su da safe ka rubuta su da azahar.

Baba ya koma sikeli, muna gaisawa, amma daga "sannu" sai "yauwa". Ragon ya tafi da shi gida. Lokacin layya ya riga ya wuce, sai ya yanka shi ranar wata Juma'a ya raba wa unguwa. Washegari ina ofis ya shigo, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye cinya guda a cikin leda a kan teburina, daidai kan kundin.

"Rabonka ne," ya ce. "Kai ka yi kiwon ƙarshe. Kuma zogalenka ne a jikinsa."

Na miƙe. Ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Ka nemi fom ɗinka ka cike, Malam Sashe."

Bayan ya fita na buɗe sashe na bakwai na karanta sau uku. Bai hana kyauta tsakanin ma'aikaci da ma'aikaci ba. Na kai wa mahaifiyata naman ta yi farfesu, na ci har na ƙara.